Hauwa Ibrahim, 'Yar Tallar da Ta Tsaya wa Amina Lawal

A cikin watan Maris na 2002 abubuwa biyu suka faru a Arewa, kwanaki kaɗan ne tsakaninsu. A Sakkwato, ranar 25 ga watan, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke hukuncin jifa da wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini Tungar Tudu, ta ce ta tafi gida da jaririyarta. A daidai wannan tsakanin ne labari ya fito daga Bakori ta jihar Katsina cewa wani alƙali ya yanke irin wannan hukunci a kan wata bazawara 'yar ƙauyen Kurami, mai suna Amina Lawal. Masu murnar sakin Safiya ba su gama shan ruwa ba, sai ga wata sabuwa.

Amina ta tsaya gaban alƙalin Bakori ita kaɗai, goye da 'yarta. Ba ta da lauya, ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuma yi zurfi a na addini ba. An tambaye ta, ta amsa cewa ita ta haifi yarinyar kuma ba ta da aure a lokacin. Ta ambaci mutumin da ta ce shi ne uban. Shi ya musanta, aka ba shi Alƙur'ani ya rantse, aka sallame shi, tunda babu shaidu huɗu da suka gan shi. Ita kuwa shaidarta na bayanta a goye. Rashin sani ya fi dare duhu: matar nan ba ta san cewa amsar da ta bayar cikin 'yan kalmomi tana iya zama ajalinta ba, babu kuma wanda ya zauna ya fahimtar da ita kafin ta buɗe baki.

Cikin waɗanda suka taso don kare ta akwai wata lauya mai shekara talatin da 'yan kai, wadda ita ma daga ƙauye ta fito, ta san talla, ta san yadda ake yanke wa yarinya shawarar rayuwarta ba tare da an tambaye ta ba. Sunanta Hauwa Ibrahim.

An haife ta a 1968 a Hinna, garin da ke yankin Yamaltu/Deba, ba nisa da Dadin Kowa da kogin Gongola. A lokacin babu jihar Gombe, babu ma jihar Bauchi. Yankin yana cikin jihar Arewa maso Gabas ne, sai a 1976 aka yanko Bauchi, a 1996 kuma aka yanko Gombe. Mahaifinta malami ne, gidansu gidan addini ne, kuma hanyar da aka shimfiɗa wa 'ya mace a irin wannan gida sananniya ce. Za ta ɗauki faranti ta yi talla, a riƙa tara ribar ana sayen kwanuka da tasoshi na kayan ɗaki, da ta fara tasawa a ɗaura mata aure. Hauwa ta yi tallar. Ta sha ba da labarin cewa wata rana idonta ya faɗa kan hoton wata mata a jikin takardar jarida, sanye da rigar kammala jami'a da hularta. Ba ta san matar ba, amma hoton ya zauna mata a rai, ta ƙudurta cewa ita ma sai ta sa wannan riga.

Da aka tashi aurar da ita tana ƙanƙanuwa, sai ta bijire, ta nufi makarantar kwana ta 'yan mata. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Arewa a shekarun 1970 ya san nauyin wannan. Yarinyar da ta ƙi aure ba kanta kaɗai take jawo wa magana ba, har uwarta sai an goranta mata a gidan biki da bakin rijiya. Ta daure. Daga nan karatu ya kai ta Jami'ar Jos, inda ta karanta aikin lauya, ta wuce makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa, ta fito a matsayin mace ta farko daga yankin Yamaltu/Deba da ta sa baƙar riga da farar hular lauyoyi.

Wani abin da ba a cika ambatawa ba shi ne, ba da kare masu laifi ta fara ba. Ta yi shekaru tana lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta jihar Bauchi, inda aikinta ya haɗa da gurfanar da waɗanda ake tuhuma. Ta san yadda ake haɗa takardar tuhuma, ta san inda 'yan sanda kan yi sakaci, ta san yadda ake karɓar iƙirari daga bakin mutumin da ke rawar jiki don tsoro. Wanda ya taɓa gina katanga shi ya fi sanin inda take tsagewa. Bayan nan ta koma Abuja ta kafa ofishinta na lauyoyi mai suna Aries. Da ta so, da ta zauna can tana rubuta yarjejeniyar filaye da kwangiloli, tana samun abin rufin asiri har da ƙari.

Sai ga 1999. Mulkin soja ya ƙare, farar hula suka hau, kuma ranar 27 ga Oktoba Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, dokar ta fara aiki a Janairun 2000. Cikin shekara biyu wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. Ya kamata a faɗi gaskiya game da wancan lokaci, domin 'yan baya sukan ɗauka siyasa ce zalla. Akwai siyasa a ciki, amma dubban mutanen da suka cika filayen ƙaddamarwa da zuciya ɗaya suka je. Sun gaji da kotun da shari'a kan shekara goma ba a yanke ba, sun gaji da cin hanci, sun gaji da ɓarawon da ake kamawa da safe a gan shi a kasuwa da yamma. Suna fatan zuwan hukuncin da ba ya duban fuska.

Abin da ya biyo baya ya sa masu lura yin shiru suna tunani. A Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara saboda satar saniya. A Janairun 2001 aka yi wa wata matashiya, Bariya Ibrahim Magazu, bulala ɗari. Sai Safiya, sai Amina. Manomi, yarinya, bazawara, bazawara. Duk 'yan ƙauye, duk marasa gata, kusan duk ba su da wanda ya tsaya musu a zaman farko. An kuma mayar da tsofaffin kotunan yanki zuwa kotunan Shari'a cikin gaggawa, aka ɗora wa alƙalan da suka saba da shari'ar aure da gado da bashi nauyin yanke hukuncin rai, ba tare da isasshen horo kan sharuɗɗan haddi ba. Su kuwa sharuɗɗan nan a fiƙihu tsaurara ne ƙwarai, da gangan aka tsaurara su.

A nan Hauwa Ibrahim ta tsoma kanta, kuma kyauta. Waɗanda take karewa ba su da kuɗin motar zuwa kotu, balle kuɗin lauya. An ƙiyasta shari'o'in da ta sa hannu a cikinsu sun haura 150, na matan da ake tuhuma da zina da na samarin da aka yanke wa hukuncin yanke hannu. Akasarinsu babu jaridar da ta buga sunansu.

A Hausa kalmar lauya ta yi rashin sa'a, domin ta zo daidai da wata kalma tamu ta asali, wato lauyewa. Shi ya sa mutane ke cewa lauya mai lauye gaskiya ne, kuma wanda ya kare mai laifi abokin tarayyarsa ne. Ƙara a kan haka mace ce, a zauren da ba a saba jin muryar mace ba sai in ita ce mai ƙara ko wadda ake ƙara. Ta sha faɗin cewa a farkon lamarin ba a ba ta damar yin magana a gaban alƙali ba. Takan zauna ta rubuta hujja a 'yar takarda, ta miƙa wa abokin aikinta namiji, shi ya tashi ya faɗa. Wata mai irin iliminta da ta yi fushi ta tattara takardunta ta koma Abuja, ta kira 'yan jarida ta yi ƙorafi. Hauwa ta ci gaba da miƙa takarda, domin wadda ke zaune a bayanta ranta ne a kan layi, ba martabar lauya ba. A hankali har aka zo ana barinta ta miƙe ta yi jawabi.

Shari'ar Amina ba aikin mutum ɗaya ba ce, kuma adalci ne a faɗi haka. Ƙungiyar WRAPA, mai kare haƙƙin mata, wadda Hajiya Saudatu Mahdi ke jan ragamar ayyukanta, ta ɗauki nauyin ƙarar. Ƙungiyar BAOBAB ta su Ayesha Imam ta ba da gudummawa. Lauyan da ya jagoranci muhawara a gaban alƙalai shi ne Aliyu Musa Yawuri, mutumin da ya san littattafan Malikiyya ciki da bai. Akwai malaman da suka zauna da su suna buɗe Muwaɗɗa da Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa, suna nemo inda alƙalin farko ya yi tuntuɓe. Jaridun Turai sun fi son labarin jaruma guda ɗaya, sai suka haska Hauwa suka bar sauran a inuwa. Amma ita ce ta zama fuskar tawagar, ita ke zama kusa da Amina a kan benci, ita ke fassara mata abin da ake faɗa, ita ke fitowa ta fuskanci 'yan jarida, ita kuma ta fi kowa shan zagi.

Ɗaukaka ƙara ta farko ta faɗi. Ranar 19 ga Agusta 2002 Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin Bakori. An jinkirta zartarwa har sai Amina ta yaye 'yarta, wato zuwa Janairun 2004. Ka tsaya ka auna wannan: uwa tana shayar da jaririya, ta san cewa ranar yaye ita ce ranar da aka ɗiba mata. Kowace uwa tana ɗokin ganin ɗanta ya fara tafiya, ya fara cin tuwo. Ita kuwa girman 'yarta shi ne ƙaratowar wa'adinta.

Daga nan duniya ta ɗauka. Wasiƙu suka riƙa kwarara ta intanet, shugabannin ƙasashe suka sa baki, Shugaba Obasanjo ya riƙa ba baƙi tabbacin cewa ba za a jefe kowa ba. Wasu 'yan takarar gasar sarauniyar kyau ta duniya, wadda aka shirya yi a Abuja a ƙarshen 2002, suka ƙaurace saboda Amina. A watan Nuwamba, cikin azumi, wani rubutu a jaridar ThisDay ya taɓa martabar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, rikici ya ɓarke a Kaduna, aka rasa rayuka fiye da 200, aka mayar da gasar Landan. Iska ta gurɓace. Duk wanda ya buɗe baki a kan Amina sai a ɗauke shi ɗan koren Turawa. Wasu daga cikin wasiƙun da ke yawo ma ƙarya ce a cikinsu, suna cewa an riga an sa ranar jifa kuma an rufe ƙofar ɗaukaka ƙara. Har sai da BAOBAB ta fitar da takarda a 2003 tana roƙon masu goyon baya na waje su dakata, domin irin wannan matsin lamba yana iya harzuƙa mutane su ɗauki doka a hannunsu, yana kuma sa alƙali ya ji kunyar sassautawa kada a ce ya ji tsoron Turawa.

A cikin wannan yanayi ne abin da ya fi kowane tsayawa a rai cikin labarin Hauwa ya faru, kuma ita da kanta ta sha ba da shi. Wani ɗan jarida ya tambaye ta a rediyo, da Hausa, ko hukuncin jifa yana cikin Alƙur'ani. Ta amsa cewa a iya saninta babu shi a ciki. Ɗalibin ilimi ya san cewa ayar Suratun Nur bulala ɗari ta ambata, kuma malamai daga Sunna suka tabbatar da rajamu, wato jifa. Amma rediyo ba zauren karatu ba ne, kuma magana zarar bunu ce. Aka yi ta maimaita hirar. Wasu malamai suka mayar da martani cewa matar nan tana yaƙi da Shari'a, kuma kowa ya san abin da irin wannan tuhuma ke iya jawo wa mutum a wancan lokaci.

Masu ƙaunarta suka ba ta shawarar ta ɓuya ko ta bar ƙasar. Ita kuwa sai ta nemi a haɗa ta da malaman. Aka ce ta same su a masallaci. Ta lulluɓe jikinta ta tafi. Da ta shiga ba ta zauna inda baƙo mai digiri zai zauna ba, ta durƙusa a ƙasa a gabansu kamar yadda 'ya ke yi gaban iyayenta, kanta a sunkuye. Ta shaida musu cewa ba jayayya ta kawo ta ba, ita 'yarsu ce, iliminta bai kai nasu ba, ta zo ne su nuna mata hanya, domin akwai rai a hannunta kuma tana tsoron a zubar da shi bisa kuskure. Suka saurare ta. A ƙarshe suka ce ba za su fito fili su goyi bayanta ba, amma kuma ba za su fito su yaƙe ta ba. Wannan ya ishe ta.

Na ji masu cewa wannan durƙuso ƙasƙanci ne, cewa mace mai ilimi bai kamata ta rusuna haka ba. Ban yarda ba. 'Yar malami ce, a irin wannan zaure ta tashi, ta san cewa dattijon Arewa yana iya sauka daga matsayinsa in an bar masa girmansa, amma ba ya sauka in an ƙure shi a bainar jama'a. Ba wasan kwaikwayo ta yi ba, harshen gidansu ta yi magana da shi. Da ta tsaya a gaban kyamara ta mayar da baƙar magana, da ta samu tafi a Turai, Amina kuma ta rasa 'yar ƙofar da ta rage mata.

Dabarar tawagar gaba ɗaya a kan wannan tunani aka gina ta. Suna iya cewa dokar jihar Katsina ta saɓa wa tsarin mulkin 1999, su nufi Kotun Ƙoli a Abuja. Suka ajiye wannan a matsayin makami na ƙarshe, suka zaɓi su kare Amina da Shari'ar da aka hukunta ta da ita. Ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma kuskuren shugaba wajen yin afuwa ya fi kuskurensa wajen yin uƙuba. Aikinsu shi ne su nuna shubuhar, kuma ba ɗaya ba ce.

Da farko akwai zaman kotun kansa. Dokar Katsina ta tanadi alƙali ya zauna tare da mataimaka biyu, shi kuwa alƙalin Bakori shi kaɗai ya yanke. Sannan waɗanda suka kai ƙarar babu wanda ya ga komai da idonsa, ji suka yi, kuma ba a fayyace wa Amina tuhumar da abin da ke bayanta yadda za ta gane ba. Sai iƙirari. A fiƙihu wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana da damar janyewa har zuwa lokacin zartarwa, in ya janye kuwa haddi ya faɗi. Malamai suna kafa hujja da ƙissar Ma'izu, wanda ya kawo kansa, Manzon Allah ya riƙa kau da kai yana ba shi ƙofar komawa. Amina ta janye nata, kotun Funtuwa ta ƙi karɓa.

Saura cikin. A nan ne gizo ke saƙa, domin mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a wannan yanki, ta bambanta da sauran ukun: tana ɗaukar cikin macen da ba ta da miji a matsayin hujja a kanta, sai in ta kawo abin da zai kare ta. Amma ita wannan mazhaba ɗin ce kuma ta buɗe wata ƙofa mai faɗi. A wurin malamanta ciki yana iya kwantawa ya daɗe har shekara biyar a mashahurin zance. Kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta san maganar kwantaccen ciki. Saboda haka bazawarar da ta haihu cikin wannan wa'adi bayan rabuwa da mijinta, ana iya jingina ɗan ga tsohon mijin, kuma shi kaɗai ke da ikon kore shi ta hanyar da Shari'a ta tsara. Amina ta haihu cikin wa'adin. Likitan yau zai ce ciki ba ya wuce wata tara da 'yan makonni, kuma ba na jayayya da shi. Sai dai malaman da suka rubuta wannan hukunci ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun bar wa mace mafita, sun bar wa jariri uba da nasaba. Ƙofar tana nan cikin littattafan da ke kan teburin kowane alƙali. Abin da Amina ta rasa a Bakori shi ne wanda zai nuna ta.

Ranar Alhamis 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jihar Katsina ta zauna, alƙalai biyar ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim. 'Yan sanda sun kewaye harabar, 'yan jaridar duniya sun cika ta. Aka karanta hukuncin da Hausa. Huɗu suka soke hukuncin Bakori da na Funtuwa, ɗaya ya saɓa. Aka sallami Amina Lawal, ta fito riƙe da 'yarta, wadda a lokacin ta fara tafiya da ƙafarta.

A lura da waɗanda suka sake ta. Ba Majalisar Ɗinkin Duniya ba ce, ba kotun Abuja ba ce. Malamai ne masu rawani, a Katsina, da hujjojin Malikiyya. Haka aka yi a shari'ar Safiya a Sakkwato, inda lauyanta Abdulƙadir Imam Ibrahim ya nuna, cikin wasu hujjoji, cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki. Waɗannan hukunce-hukunce biyu sun zama abin dubawa ga ƙananan kotuna, kuma har yau babu macen da aka jefe bisa hukuncin kotu a Najeriya.

Bayan nan duniya ta buɗe wa Hauwa Ibrahim ƙofofinta. A 2005 Majalisar Tarayyar Turai ta ba ta lambar Sakharov, wadda aka fara bayarwa a 1988, Nelson Mandela na cikin waɗanda suka fara karɓa. Ta raba lambar da ƙungiyar matan Kyuba masu fararen kaya, waɗanda aka ɗaure mazansu da 'ya'yansu saboda siyasa, da kuma ƙungiyar kare 'yan jarida mai cibiya a Faransa. Ta yi karatun digiri na biyu a Washington, ta zauna a Jami'ar Harvard tana bincike da koyarwa, ta rubuta littafi da Turanci kan dabarun neman adalci a kotunan Shari'a, wanda ƙungiyar lauyoyin Amurka ta buga. Yarinyar da ta ga rigar jami'a a jikin takardar jarida ta zo tana koyar da masu sa rigar.

Ba ta yanke da gida ba. Da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Afrilun 2014, tana cikin kwamitin binciken da Shugaba Jonathan ya kafa. A 2017 aka sa ta cikin kwamitin da ya duba yadda sojoji ke kiyaye haƙƙin ɗan Adam a fagen fama, ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill. Ta kuma ɓullo da wani shiri na haɗa kan iyaye mata don janye 'ya'yansu daga tsattsauran ra'ayi, bisa hujjar cewa saurayin da ya daina jin maganar hakimi da malami da soja, sau da yawa muryar mahaifiyarsa tana iya ratsa shi.

Akwai masu ganin ta yi nisa da mu, ta zama ta Turawa. Suna da 'yancin ra'ayinsu. Ni dai abin da nake dubawa shi ne shekarun da ta yi tana bin hanyoyin Funtuwa da Katsina da Sakkwato, tana zama a kan benci kusa da matan da danginsu ma ke jin kunyar a gan su tare, lokacin da babu lamba, babu Harvard, sai barazana. Ba ta taɓa cewa waɗanda take karewa waliyyai ne ba. Aikin lauyan mai kare wanda ake tuhuma bai rataya a kan haka ba. Aikinsa shi ne ya tabbatar an bi kowane sharaɗi kafin a taɓa jikin mutum ko ransa, ko da duk gari sun riga sun yanke hukunci a bakin kasuwa. Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma yana da damar kare kansa ko ya ɗauki lauya. Fiƙihu ya riga shi da ƙarnoni, har ya wajabta wa alƙali i'izari, wato ya tambayi wanda zai hukunta ko yana da sauran hujja kafin ya yanke. Amma ina amfanin tambayar ga wadda ba ta san cewa tana da hujja ba?

Amina ta samu masu tsaya mata ne domin labarinta ya fita duniya. A yau kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, wasu sun shafe shekarun da suka wuce abin da za a ɗaure su da an same su da laifin. Hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali tana nan tun 1976, amma lauyoyinta ba su kai ko'ina ba idan aka kwatanta da masu buƙata, kuma mutumin ƙauye bai ma san da ita ba.

Don haka kirana ga 'ya'yanmu da ke karatun lauya a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, musamman mata, da waɗanda suka haɗa boko da fiƙihu: ku ware wani abu daga lokacinku ku leƙa ƙananan kotuna da gidajen yari na garuruwanku. Ku kuma iyaye, in 'yarku ta ce lauya take son zama, ku sa mata albarka ku bar ta ta tafi.